Wanda ya saita ƙararrawa da daddare ba shi ne ke jin ta da safe ba

Sarkin_Makara: Jama'a barkanmu da warhaka. Ina da maganar da nake so a tauna. Ni dai na yanke hukunci cewa kowane ɗan Adam mutum biyu ne a riga ɗaya, akwai na dare akwai na safe, kuma ba sa ga-maciji da juna. Na dare jarumi ne. Shi ne zai zauna a bakin gado ƙarfe ɗaya saura, ido garau, ya ce gobe ƙarfe biyar zan tashi, in motsa jiki, in yi karatu, in goge kaya, in riga kowa isa wurin aiki. Ya saita ƙararrawa, har da ƙure mata ƙara. Daga nan sai ya ce bari in kalli bidiyo ɗaya tak. Na safe kuwa shi ake kawo wa takardar bashi. Bai ga bidiyon ba, ba a yi shawara da shi ba, amma shi zai biya. Tambayata ita ce, a cikin biyun nan wane ne ainihin mutumin, mai ɗaukar alkawarin ko mai karya shi?

Gimbiyar_Bargo: Kamar ka leƙa ɗakina. Ta safen ce ta gaskiya, ta dare baki kawai gare ta. Kuma ta safe ta fi iya lissafi. Ido a rufe take cire wanka daga minti goma sha biyar ta mayar da shi biyar, ta soke guga, ta yanke hukuncin cewa hanya ba za ta cushe ba yau, duk don ta sami ƙarin minti goma. A makaranta lissafi bai taɓa zama a kaina ba, amma da asuba ko injin lissafi bai kai ni ba.

Alhaji_Sammako: Babu wani mutum biyu, lalaci ne kuka ɗinka masa riga. Ni ban san amfanin ƙararrawa ba, ƙarfe huɗu da rabi idona ke buɗewa da kansa. Ku duba duk wanda ya zama wani abu a duniya, sammako yake yi. Da safe ake kama fara.

Gimbiyar_Bargo: Alhaji, don Allah ƙarfe nawa kake kwanciya?

Alhaji_Sammako: Tara ba ta wuce ni a zaune.

Gimbiyar_Bargo: To ai magana ta ƙare. Kai na darenka ba ya samun damar buɗe baki, tun bai ce uffan ba ka kashe masa fitila. Kuma ka yi haƙuri Alhaji, akwai abin da na lura da shi game da masu sammako: ba su iya tashi su yi shiru ba. Sai an ja kujera, sai an yi gyaran murya, sai an buɗe taga da ƙarfi, sai an kunna rediyo. In ba wanda ya san sun tashi, kamar sammakon bai karɓu ba.

Nas_Mai_Dare: Bari in sa baki, tunda aikin dare ya sa na karanci abin nan dole. Sarkin_Makara wasa yake yi, amma wasan nasa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mutumin da ya farka yanzu-yanzu ƙwaƙwalwarsa ba ta gama dawowa ba. Magagin nan da muke gani yakan ɗauki minti 15 zuwa 30, wani lokaci har ya kai awa, musamman in an katse barci mai nauyi. Kuma ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda shi ke tsara abubuwa da auna abin da zai biyo baya, yana daga cikin masu jinkirin farfaɗowa. Wato dai sashen da ya ɗauki alkawari da daddare bai iso ba a lokacin da ƙararrawa ke kaɗawa. Hannu ne ya farka, shi ya sa hannu ke yanke hukunci.

Game da Alhaji kuwa, ba horo ba ne zalla. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya, kusan dubu 20, shi ne agogon jiki, kuma haske ne ke daidaita shi. Duhu ya yi, jiki ya saki sinadarin melatonin, barci ya matso. Gari ya waye, a rage shi, sinadarin kotisol mai wartsake jiki ya hau a cikin minti 30 zuwa 45 na farkon farkawa. Sai dai agogon kowa ba ɗaya ba ne. Wani nasa na gaba, wani nasa na baya, kuma gadon iyaye yana da hannu a ciki. Kyautar Nobel ta fannin lafiya a 2017 ma a kan wannan aka ba da ita, ga Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, waɗanda suka gano yadda agogon ke aiki ta hanyar nazarin ƙananan ƙudaje.

Sarkin_Makara: Allah ya saka da alheri 'yar'uwa. Ashe makarata ma har Nobel aka ci a kanta. Gobe zan kai wa ogana wannan bayanin.

Nas_Mai_Dare: Kai dai kai masa, amma ka isa da wuri.

Uwar_Biyu: Ina karanta muhawarar nan ina dariya. Duk wanda ke da lokacin tambayar kansa ko shi na dare ne ko na safe, to ba shi da ƙaramin yaro. Ni ƙararrawata tana da ƙafa biyu, tana hawa gado, tana sa yatsa ta buɗe min ido ta ce "Mama kin tashi?" Ba ta da maɓallin da ake dannawa ta yi shiru. Abin haushin kuma, ranar makaranta sai an yi ta fama kafin su motsa, a ɗaga wannan wancan ya koma, a sa wa ɗaya safa ɗayan ya yi barci a tsaye. Ranar Asabar da ba inda za su, tun duhu bai yaye ba suna tsalle a kan katifa.

Malam_Alli: Uwar_Biyu, jira su kai shekara goma sha biyar, labarin zai juye. Ina koyar da manyan ɗalibai, darasin farko na safe kusan da bango nake magana. Da ina ɗauka rashin tarbiyya ne kawai da kwana a kan waya. Wayar tana da nata laifin, amma ba ita kaɗai ba ce. Da zarar yaro ya fara balaga, agogon jikinsa yana ja baya, barci ba ya zuwa masa da wuri ko da ya kwanta, ga shi kuma yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Jan bayan nan yana ci gaba har wajen shekara 20, sannan ya fara dawowa gaba a hankali. Shi ya sa tsofaffi ke riga kowa tashi. A Amurka ƙungiyar likitocin yara ta ba da shawara a 2014 cewa kada a fara darasin 'yan sakandare kafin ƙarfe 8:30, jihar Kalifoniya kuma ta mayar da shi doka ga manyan sakandare, ta fara aiki a 2022. Don haka Alhaji, ba raini ba, wataƙila rabin sammakonka shekaru ne suka ba ka kyauta.

Alhaji_Sammako: Malam, tun ina saurayi haka nake. Kada ku mayar da komai sinadari. Mutum yana da niyya ai.

Kawu_Shiru: Yana da niyya, da daddare.

Ɗan_Laburare: Tunda Alhaji ya ce duk wanda ya zama wani abu sammako yake yi, bari in kawo shaida biyu. Na farko masanin falsafa da lissafin nan na Faransa, René Descartes. Tun yana yaro ya saba kwanciya har hantsi, a kan gado yake tunaninsa. Sarauniya Christina ta Suwidin ta gayyace shi ya koyar da ita, sai ta sa darasin ƙarfe biyar na asuba, a tsakiyar hunturun Stockholm. Bai yi wata shida a ƙasar ba ya kamu da ciwon huhu, ya rasu a watan Fabrairun 1650. Ban ce sammako ne ya kashe shi ba, amma dai bai taimaka ba.

Na biyu Marcus Aurelius, sarkin daular Rum, wanda ya yi mulki daga shekara ta 161 zuwa 180. Mutumin da ke da runduna da ƙasashe a hannunsa, amma a cikin rubutun da ya bari akwai inda yake lallashin kansa ya tashi daga shimfiɗa, yana tambayar kansa ko don ya ji ɗumin mayafi aka halicce shi. Wato rigimar da Sarkin_Makara ke magana ta girmi waya da kusan shekara dubu biyu.

Gimbiyar_Bargo: Sarki guda ma bargo ya gagare shi, ni wace ce?

Mai_Gyaran_Waya: Maganar maɓallin ƙarin barci, kun taɓa lura cewa a iPhone minti tara ne aka saba da shi, ba goma ba? An ce abin ya samo asali tun agogunan da, na farko mai wannan maɓalli kamfanin General Electric ne ya fitar da shi a 1956. A wurin aikina ina ganin abin mamaki. In aka kawo waya gyara na kunna don gwaji, sai in ga ƙararrawa a jere: 5:00, 5:05, 5:10, 5:20, har zuwa 6:45. Ta ƙarshen ita ce ta gaskiya, sauran duk gaisuwa ce. Wasu har suna suke sa musu. Na taɓa ganin wadda aka rubuta wa "tashi mana", ta bayanta "wallahi za a kore ka".

Sarkin_Makara: Wannan ita ce hujjata! Na dare ne ke rubuta wa na safe wasiƙar barazana. In mutum ɗaya ne, me ya kawo barazana?

Ɗan_Laburare: Ƙari a kan na Mai_Gyaran_Waya. Wani Ba'amurke, Levi Hutchins, ya haɗa wa kansa agogo mai ƙararrawa a 1787, amma ƙarfe huɗu na asuba kaɗai yake kaɗawa, ba a iya sauya shi. Ina jin da Alhaji ya gan shi da sun yi abota. Wanda ake iya saitawa yadda aka ga dama, wani Bafaranshe, Antoine Redier, ya yi masa rajista a 1847. Amma talakan Ingila na zamanin masana'antu ba shi da kuɗin agogo, don haka tayar da mutane ya zama sana'a. Mutum zai bi layi da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa tagogin sama, wasu kuma da ɗan bututu suke hura busasshen wake ya bugi gilashi, ana biyansu duk mako. Sana'ar ta kai har tsakiyar ƙarni na 20 a wasu garuruwan.

Kawu_Shiru: To shi mai tayarwar wa ke tayar da shi?

Ɗan_Laburare: Da yawansu ba sa kwanciya da dare, Kawu, sai sun gama zagaye suke barci.

Tsohon_Direba: Wannan kuma shi ne "in ka yi sammako wani a tafe ya kwana". Ku bar ni in faɗi nawa. Na yi shekaru ina tuƙin dogon zango, kuma abin da na gani shi ne, ranar da tafiya ta kama da gaske, mutum ba ya makara. Wanda kullum sai an zuba masa ruwa, in aka ce mota za ta tashi ƙarfe biyar kuma ba ta jiran kowa, za ka same shi zaune a kan jakarsa tun huɗu da rabi. Wani ma kafin ƙararrawar ta kaɗa ya farka yana kallonta. Ni a ganina na safe ba malalaci ba ne, ɗan kasuwa ne. Yana auna ribar tashi da ribar kwanciya. In ka ba shi dalilin da ya fi bargo nauyi, zai miƙe.

Nas_Mai_Dare: Baba, abin da ka gani an gwada shi. A 1999 masu bincike a birnin Lübeck na Jamus suka gaya wa mutane cewa za a tashe su ƙarfe shida. Kusan awa ɗaya kafin lokacin, wani sinadari mai shirya jiki don farkawa ya fara hawa a jininsu suna cikin barci. A daren da aka ce musu sai ƙarfe tara amma aka tashe su shida ba zato, hawan nan bai faru ba. Wato jiki yana jin abin da ka gaya masa kafin ka kwanta.

Alhaji_Sammako: Yauwa! Niyya ke nan da na faɗa kuka yi min dariya.

Gimbiyar_Bargo: Alhaji ya sami maki ɗaya, a rubuta masa. Amma ni ma ina gaya wa jikina kowane dare, sai dai ya san ni, ya san ba da gaske nake ba.

Yaya_Babba: Ku bar maganar tashi, ku zo maganar bayan tashi. Me ya sa kaya ba sa ɓata sai da safe? Makulli da ka ajiye da hannunka, safa ƙafa ɗaya, tabarau da ke saman kanka. Kuma ba wanda ke nema da baki a rufe. "Wa ya ɗauke min makulli?" Kullum wani ne ya ɗauka. Maigidana zai tayar da gida gaba ɗaya, a ɗaga matasai, a zazzage jaka, a tuhumi yara, can sai ya sa hannu a aljihun wandon jiya. Daga nan sai shiru. Ba haƙuri, ba bayani, sai "to na tafi".

Uwar_Biyu: Yaya, ai "wa ya ɗauke min" ita ce gaisuwar safe ta biyu.

Mai_Gyaran_Waya: Sai kuma "ina hanya". A duk maganganun safiya babu wadda ta kai ta faɗi. Mai ɗaura tawul yana hanya, mai neman takalmi yana hanya, wanda kiran ne ma ya tashe shi yana hanya. Sai ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya ɗaga, don kada a ji barci a muryarsa. Aka ce "na tashe ka ne?" sai ya ce "haba, tun ɗazu na tashi". Ban san me ya sa barci ya zama abin kunya ba, alhali wanda ya kira ɗin ma daga shi ya fito.

Nas_Mai_Dare: Wannan tambayar ta taɓa ni. Na sauka daga aiki ƙarfe takwas na safe, na kwanta tara, a kira ni sha biyu a ce "har yanzu barci kike yi?" Awa uku ke nan fa. Wanda ya kwanta tara na dare ya tashi biyar ya yi awa takwas, ana yaba masa. Ni in na yi biyar da rana, malalaciya ce. Mutane ba tsawon barci suke ƙirgawa ba, wanda rana ta kama a kwance shi ne mai laifi.

Mai_Kiwon_Kaji: Tun ɗazu ake magana ba a ambaci zakara ba. Masu bincike a Jami'ar Nagoya ta Japan sun sa zakaru a ɗaki mai dishi-dishin haske dare da rana, ba fitowar rana ba faɗuwa, amma suka ci gaba da cara kusan a kan lokacinsu. An wallafa wannan a 2013. Ashe ba alfijir yake gani ba, nasa agogon ne a ciki. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne binciken da suka biyo da shi a 2015: in zakaru suna tare, babbansu ne ke fara cara, sauran su jira, sannan su bi bisa matsayi. In aka cire babban, na biyu ya karɓi aikin. Ni da ke kiwonsu na shaida haka, ƙarami ba ya riga babba sai in yana neman tsiya. To haka wurin aiki yake. Oga ya iso tara, safiya ta fara tara. Kai ka iso tara da minti biyar, ka makara.

Sarkin_Makara: Duk na ji, amma har yanzu ba a amsa min ba. Baba Direba ya ce na safe ɗan kasuwa ne, Nas ta ce bai gama haɗuwa ba, Alhaji ya ce babu shi sam. To wa za mu riƙe da alkawarin?

Yaya_Babba: Ni na dare nake kamawa. Shi ne mai cikakken hankali, shi ya san gobe akwai aiki, kuma shi ya ƙi ajiye waya. In da yana son na safe da alheri, da ya goge kayan tun dare, ya ajiye makulli a inda za a gani, ya kwanta. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Cin bashin da ka san ba kai za ka biya ba ai ba jarumta ba ce.

Malam_Alli: Ban yarda gaba ɗaya ba, Yaya. Wani darensa ne kaɗai lokacin da yake nasa. Tun safe yana hannun oga, da yamma yana hannun iyali, sai kowa ya kwanta sannan yake jin shi ma mutum ne. Awa ɗayan nan da yake sata daga barci ba don bidiyon ba ne, don shirun ne. Ya san zai sha wuya da safe, ya ga ta fi masa.

Tsohon_Direba: Malam ya faɗi gaskiya, amma a sitiyari wannan lissafin ba ya aiki. Barci ɓarawo ne, in ka hana shi da dare zai zo ya ƙwata da rana, kuma ba ya sallama. Wanda zai tuƙa mutane ya kwanta kawai.

Nas_Mai_Dare: Kuma kofi ba ya biyan bashin, Baba. Akwai sinadarin adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana farke, shi ke kawo nauyin ido. Kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi, toshe masa wurin zama kawai yake yi, bai kawar da shi ba. Bayan kamar awa biyar rabin kafeyin ɗin na nan a jiki, don haka wanda ya sha da la'asar ya ƙara wa na dare ƙarfi ne, gobe a sake zagayowa.

Alhaji_Sammako: Ni dai ƙarfe tara ta kusa, sai da safenku. Wanda ya isa ya same ni a nan huɗu da rabi mu ci gaba.

Gimbiyar_Bargo: Allah ya tashe mu lafiya Alhaji. Don Allah in ka tashi ka ja kujerar a hankali.

Uwar_Biyu: Mai_Kiwon_Kaji, tambaya ta gaskiya. Zakaran maƙwabtanmu ƙarfe biyu na dare yake cara, wani lokaci ma sha biyu. Shi kuma nasa agogon lalacewa ya yi ko me?

Mai_Kiwon_Kaji: Duba ko akwai fitila kusa da akurkinsa, Hajiya, ko hasken mota na haska shi. Haske da carar wani zakaran duk suna tunzura su. A rufe masa gefen da hasken ke shigowa a gani.